Masu Wankin Ƙoda Da Maganin Da Ake Sha Da Abinci

   Masu jinya Allah Ya ba ku lada, waɗanda ke kwance Allah Ya tashi kafaɗunsu.

Yau hirarmu a kan masu wankin ƙoda ce. Na san a gidaje da yawa yanzu ba baƙon zance ba ne. Wata mijinta ne ke zuwa wankin, wata mahaifiyarta, wata surukarta, wata kuwa ita ce da kanta. Cikin tarin magungunan da ake ba su akwai wani guda ɗaya da ake cewa a sha shi tare da abinci, sau uku a rana. Wannan maganin yana yawan damun ciki, kuma da yawa na daina shan sa a ɓoye. Tun da ke ce mai girki, ke ce mai miƙa kwano, to maganar nan taki ce. Ki matso kusa.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Innata, ƙanwar mahaifiyata, ta daɗe tana fama da hawan jini, har ya kai ga ƙodarta ta gaza, aka ɗora ta a kan wanki. Wata ranar Asabar na je duba ta, na ce bari in gyara mata shimfiɗa. Ina ɗaga katifa sai ga ƙullin leda cike da fararen ƙwayoyi, sun fi na sati biyu. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta yi shiru. Can ta ce in rufa mata asiri, maganin nan ɗaure mata ciki yake yi, sai ta kwana huɗu ba ta zaga ba, ciki ya kumbura kamar ganga, abinci ma ya fita daga ranta. Na ce to me ya hana ki gaya wa likita? Ta ce, "Haba 'yar nan, yaron nan sa'an ɗana ne, ga mijin 'yata tsaye a kaina shi ya kawo ni, da wane bakin zan yi zancen bayan gida?" Ashe duk wanda ya miƙa mata maganin sai ta karɓa ta yi godiya, idan ya fita ta tura ƙarƙashin katifa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ta koma jiƙa kanwa da tsamiya tana sha wai don cikin ya saki.

To me ya sa ake ba da wannan magani tun farko? A cikin abincinmu akwai wani sinadari da likitoci ke kira fosfet. Jiki na buƙatarsa, da shi da kalsiyam ake gina ƙashi da haƙori. Mai lafiyayyar ƙoda idan ya ci ya yi yawa, ƙodar ce ke tace rarar ta fitar ta fitsari. Idan ƙoda ta gaza, sai ya rasa hanyar fita, ya yi ta taruwa a jini. A jinin babban mutum mai lafiya awonsa yakan tsaya tsakanin 2.5 da 4.5 a ma'aunin da asibitoci da yawa ke amfani da shi. Ga mai wankin ƙoda likitoci na ƙoƙarin janyo shi kusa da wannan, ba sa son ganin ya haura 5.5.

Za ki ce ai injin yana wankewa. Yana wankewa, amma ba ya cinye aikin. Ko mutum ya kiyaye bakinsa, fosfet ɗin da ke shiga cikinsa a yini yakan kai miligiram 800 zuwa 1,000, kuma fiye da rabinsa na wucewa cikin jini. A sati kin ga an tasam ma 4,000. Zama ɗaya a kan injin, na awa 4, abin da yake cirewa bai cika wuce 1,000 ba. Wanda ke samun zama uku a sati ma akwai saura a jikinsa, balle mu da tsadar wankin ke sa da yawa ba sa samun ukun. Wannan sauran shi ake ba da magani dominsa.

Idan fosfet ya taru, ba a ranar yake nuna kansa ba. A hankali yake ɓarna. Akwai wasu 'yan ƙananan tsoka guda huɗu a wuya waɗanda ke kula da kalsiyam ɗin jiki. Yawan fosfet na tunzura su, su dinga zaro kalsiyam daga ƙashi, ƙashin ya yi ta ciwo, ya yi rauni, ƙaramar faɗuwa a banɗaki ta zama karaya. Kalsiyam ɗin da aka zaro kuma sai ya haɗu da fosfet su dinga daskarewa a jijiyoyin jini da zuciya, kamar yadda ƙasan buta ke yin farin ɓawo idan ta daɗe ana dafa ruwan rijiya a ciki. Wasu kuma ƙaiƙayi ke addabarsu, su kwana suna susa. Innata ma duk hannuwanta shaidar farce ne, mu muna ta cewa zafi ne.

Shi maganin a cikin hanji yake aikinsa. Yana cakuɗuwa da abincin da aka ci, ya kama fosfet ɗin ya riƙe gam, su fita tare ta bayan gida kafin ya samu shiga jini. Shi ya sa ake kiransa mai ɗaure fosfet. Ki riƙe wannan da kyau, don daga nan komai ya taso: idan babu abinci a ciki, babu abin da zai kama. Wadda ta ba maigida maganin da asuba a kan yunwa, ko ta bari sai awa biyu bayan an suɗe kwano, ta yi asarar kuɗin magani, ga tashin zuciya a banza. Da lomar farko ake sha, ko a tsakiyar cin abinci. Kuma tun da a hanji yake zama, dole hanji ne zai fara jin nauyinsa.

Magungunan iri-iri ne, kowanne da halinsa. Ki ɗauko kwalin na gidanku ki duba, ko ki sa yaro ɗan makaranta ya karanta miki.

Wanda aka fi ba mu a nan, saboda sauƙin kuɗinsa, shi ne mai kalsiyam, wato kalsiyam kabonet ko kalsiyam asitet. Shi Inna ke sha. Halinsa bushewar ciki, da kumburi, da yawan gyatsa. Idan ya yi yawa kuma yana iya ɗaga kalsiyam ɗin jini, sai ki ga mutum da tashin zuciya, da kasala, da ƙishirwa, wani lokaci har ya fara ruɗewa yana magana ba kan gado. Saboda haka ne likitocin ƙoda a yanzu ke taƙaita yawan da suke bayarwa, kuma ba a ƙara ƙwaya da ka.

Na biyu shi ne sebelama, wanda a kwali za ki ga an rubuta Renagel ko Renvela. An fara amfani da shi a Amurka a 1998. Ba shi da kalsiyam, amma yana da tsada, ƙwayar kuma babba ce, miligiram 800, wani a ce ya sha biyu ko fiye a kowane ci. Yakan kawo tashin zuciya, amai, kumburi, bushewar ciki, wasu kuma gudawa. Shi wannan haɗiye shi ake yi ɗungurungum. Kada ki ga tsohuwa na wahalar haɗiya ki ce bari ki daka mata a turmin yaji, don yana kumbura idan ya ji ruwa. Ki gaya wa likita, akwai na gari da ake damawa. Ba kasafai ba, amma yakan toshe hanji ga wanda aka bar cikinsa ya bushe kwana da kwanaki.

Na uku lantanam, mai suna Fosrenol, wanda ya fito a 2004. Shi kuma akasin na baya ne, taunawa ake yi sai ya niƙe kafin a haɗiye. Wanda ba shi da haƙora a murƙushe masa. Ya fi kawo tashin zuciya da amai, musamman a makonnin farko ko idan an sha ba a ci komai ba.

Na huɗu su ne masu sinadarin ƙarfe, irin su Velphoro da aka fara a 2013. Su gudawa suka fi sa wa, sau da yawa a farkon sha, sannan suna mayar da bayan gida baƙi. Wannan baƙin launin maganin ne kawai. Amma akwai wani baƙin da ke nufin jini na zuba a ciki, zan zo kansa.

Akwai kuma tsohon magani mai sinadarin alminiyam. Yana kama fosfet sosai, yana kuma ɗaure ciki sosai, kuma idan aka daɗe ana sha yana taruwa ya taɓa ƙashi da ƙwaƙwalwa. Likita kan ba da shi na ɗan lokaci ne kawai idan ya ga dole.

Kafin mu ɗora wa magani laifi duka, mu tuna mai wankin ƙoda dama cikinsa na kusa da bushewa. An rage masa ruwa. An hana shi 'ya'yan itatuwa da yawa. Yana yawan kwanciya. Wataƙila kuma yana shan ƙwayar ƙarin jini, wadda ita ma tana busar da ciki tana baƙanta bayan gida, ko maganin ciwo irin su tiramadol. Duk waɗannan sai likita ya san da su kafin ya gane wanne ne mai laifin.

Yanzu ga inda nake roƙonku don Allah ku saurara. Mu mata, idan aka ce ciki ya ɗaure, kowacce da maganinta a ɗaki. Wannan ta ce a sha ruwa da yawa, waccan ta ce a jiƙa kanwa, wata ta ce tsamiya, wata ta aiki yaro kemis ya sayo gishirin Andurus. Ga mai lafiyar ƙoda wataƙila a wanye lafiya. Ga mai wankin ƙoda, garin neman gira sai a rasa ido.

Ruwa dai an auna masa. Da yawa abin da ake yarje musu a yini bai wuce ledar fiya wata ɗaya ko biyu ba, gwargwadon fitsarin da suke yi, kuma koko da kunu da shayi da romo duk cikin lissafin suke. Idan kika ɗura masa ruwa, ba shi da hanyar fita, sai ya taru a ƙafa da huhu, numfashi ya gagara.

Kanwa cike take da sinadarin gishiri. Tana ƙara ƙishirwa, tana tara ruwa a jiki, tana ɗaga hawan jini. Tsamiya kuwa, da dabino, da ayaba, da lemon zaƙi, suna da wani sinadari mai suna fotasiyam da yawa. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da shi, kuma idan ya yi yawa a jini yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya, mutum na zaune. Wani abin da mutane ba su sani ba, mai wankin ƙoda ta bayan gida yake rage wani kaso na fotasiyam ɗin. To kin ga wanda ya kwana huɗu bai zaga ba dama ya tara, ke kuma kin kawo masa kofin tsamiya.

Gishirin Andurus, da farin ruwan maganin olsa da ake kira mis mag, da Milk of Magnesia, duk suna ɗauke da maganiziyam, shi ma taruwa yake yi a jikin mai ciwon ƙoda, ya kashe gaɓɓai, ya rage bugun zuciya. Wani maganin da ake ɗurawa ta dubura don a yi bayan gida shi kansa fosfet ne tsantsa, abin da ake gudu. Saiwoyi da sassaƙe da jiƙe-jiƙen 'yan talla, waɗanda ba a san abin da ke ciki ba, a bar su. Idan cikin na ciwo kada a sayo ibuprofen ko diclofenac, suna iya sa ciki ya yi jini. Ba na ce iyayenmu ba su san magani ba. Jikin ne ya sauya, abin da ya karɓa jiya yau ba zai iya ɗauka ba.

To me za ki yi? Abu na farko, a faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ya saba jin zancen bayan gida kamar yadda kika saba jin kukan yaro. Idan mai jinyar na jin nauyi, ke ki faɗa a madadinta. Idan ba ke ke raka ta ba, ki rubuta a takarda, da boko ko da ajami, ko ki sa a rubuta miki: kwana nawa ba a zaga ba, yaushe amai ya fara, wane magani ake sha, ƙwaya nawa aka tsallake. Ki ninke ki ba maigida ko wanda zai kai ta ya miƙa. A ɗakin wanki kuma akwai nas-nas mata, awa huɗu ana tare da su, ana iya raɗa wa ɗaya a kunne. Iyayenmu maza da ke saurare, don Allah idan likita ya fara tambayar Hajiya, ku ɗan ba su wuri.

Likita na da hanyoyi da yawa a hannunsa. Yana iya rage ƙwayar ya dinga ƙarawa a hankali har ciki ya saba. Yana iya raba ta daidai da girman abinci, mai yawa a babban ci, kaɗan a ƙarami. Yana iya sauya wani iri, ko ya haɗa biyu kaɗan-kaɗan. Yana iya rubuta maganin sakin ciki wanda ya dace da masu ƙoda, irin su laktulos. Duk wannan ba zai yiwu ba idan yana zaton ana shan maganin alhali yana ƙarƙashin katifa. Hasali ma idan ya ga awon jini ya hau, ƙara yawan ƙwayar zai yi, a ƙara shiga wahala.

Abu na biyu yana madafarki. Iya fosfet ɗin da kika rage a tukunya, iya ƙwayar da za a iya rage wa mai jinya. Abubuwan da suka fi shi yawa su ne madara, nono da kindirmo, cuku, hanta da kayan ciki, gwaiduwar ƙwai, kifin gwangwani da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙaya, sai gyaɗa da ƙuli-ƙuli da wake. Mafi sharri shi ne wanda kamfani ke zubawa a baƙin lemon kwalba da naman gwangwani da makamantansu, don shi kusan duka yake shigewa jini, na wake da gyaɗa kuwa kaɗan jiki ke ɗauka. Amma fa kada ki ji haka ki hana shi nama gaba ɗaya. Mai wankin ƙoda na buƙatar abinci mai gina jiki fiye da da, rama ma hatsari ce a gare shi. Farin ƙwai na da kyau ƙwarai. Nama kuma ki tafasa ki zubar da ruwan farko, yana rage fosfet. Don cikin ya saki, kabeji, da kokwamba, da latas, da tuffa, da 'yar abarba sun fi sauƙin fotasiyam. Ganye kuwa a tafasa a tsiyaye ruwan kafin a sa a miya. Ki nemi a haɗa ku da mai ba da shawarar abinci a asibitin, ta auna muku daidai da awon jininsa.

Abu na uku, motsi. Ko zagaya tsakar gida ne sau biyar bayan an ci abinci, yana taimakon hanji. A kuma saba da shiga banɗaki a lokaci guda kullum, bayan karin kumallo ya fi, kuma idan ya taso kada a matse don ana jin kunyar baƙi a tsakar gida.

Abu na huɗu, maganin nan ba fosfet kaɗai yake kamawa ba, yana kama wasu magungunan ya hana su aiki, kamar sifuro da ake bayarwa don taifot, da maganin maƙoƙo, da ƙwayar ƙarin jini. Ki tambayi mai ba da magani tazarar awa nawa za a sa tsakaninsu, ki sa ya rubuta a jikin leda. Idan kuma an manta ba a sha ba har abinci ya daɗe da wucewa, a bar shi, kada a ninka a ci na gaba. Lokacin azumi, likita ne zai faɗa ko mai jinya zai iya ɗauka, addini kuma ya yi wa mara lafiya rangwame. Idan an yarje masa, maganin ya koma sahur da buɗa-baki, a kuma yi hattara da dabino da kunun tsamiya.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar wanki, ko tsakar dare ne a tashi maigida a nemi mota. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa. Ciki ya kumbura ya yi tauri, ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Amai ba ƙaƙƙautawa, ko amai da jini. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai wari na daban, ko mai jini, musamman idan da jiri, domin a lokacin wanki ana sa maganin da ke hana jini daskarewa. Gudawa mai yawa har mutum ya galabaita. Ƙafafu su mutu, ko zuciya ta dinga bugawa ba daidai ba, ko mutum ya ruɗe. Idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan, a dakatar da maganin, a ɗauki kwalayen duka a tafi da su asibiti.

Inna dai ranar wankinta na gaba ni na raka ta, na roƙi mijin 'yarta ya jira mu a waje. Na zazzage ledar nan a gaban likita. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka auna jini, aka ga fosfet ya hau sosai. Ya rage mata ƙwayar, ya ce ta fi mayar da ita ga abincin rana da na dare, ya rubuta mata maganin sakin ciki, ya hana kanwa da tsamiya. Ba a rana ɗaya ta daidaita ba, sai da aka koma aka sake gyara adadin. Amma yanzu robar maganin a kan faifan da ake rufe tuwonta take zama, duk mai kai mata abinci tare yake kai su.

'Yar'uwa, yau idan kin kai abincin dare, ki zauna har a ci, ki ga an sha maganin da idonki. Ki tambaya a hankali, cikin ladabi, "Baba, ya cikin naka?" ko "Hajiya, kin samu zagawa kuwa?" Tambaya ce mai nauyi a baki, na sani, amma jinya ta gaji haka.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ta aiko da wasiƙarta kamar yadda aka saba, za mu kai wa likitocin ƙoda mu kawo amsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya buɗa wa mazajenmu hanyar ɗaukar nauyi, Ya sa wahalar ta zama kaffara. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya. Wassalamu alaikum.